Tarihin Dubiya da Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki a Ƙasar Magariya da Dungas

Dubiya ita ce zuwa gaida marar lafiya a inda yake kwance, a gida ko a asibiti. A ƙasar Magariya da Dungas, kamar sauran ƙasar Hausa, hakki ce da ke wuyan dangi da maƙwabta da abokan sana'a, kuma wanda ya ji labarin ciwo ya ƙi taka ƙafa ya jawo wa kansa magana. Yawancin cututtuka ba sa gajiyar da wannan al'ada, domin zazzaɓi ko rauni na ƴan kwanaki ne. Shanyewar ɓarin jiki dabam take. Takan faɗo wa mutum farat ɗaya, a gona ko a kasuwa ko a kan shimfiɗarsa da asuba, ta kashe masa hannu da ƙafa na gefe guda, wani lokaci ta karkatar da baki ta ɗauke magana, sannan ta zauna watanni ko shekaru.

A wajen likitoci, a ƙwaƙwalwa abin yake aukuwa: ko jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, sai sashen da take shayarwa ya mutu, gaɓoɓin da yake sarrafawa su saki. Hawan jini ne babban sanadinta. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga faɗuwar farko yakan kamu da ciwon damuwa daga baya, kuma damuwar tana rage saurin warkewa. Saboda haka jinyar wannan cuta aiki biyu ce, ta jiki da ta zuciya, kuma ta zuciyar tun asali a hannun jama'a take.

Ƙasar da iyakarta

Magariya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, a bakin iyaka da jihohin Katsina da Jigawa na Najeriya. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake a ƙarƙashin itatuwan gawo, kuma tana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da rabin miliyan a Magariya, da fiye da dubu 350 a Dungas. Hukuma ɗaya ce take riƙe da su har 2011, lokacin da aka yanke Dungas da Dogo-Dogo da Guci da Malawa aka ba su tasu, Magariya ta rage da garuruwa irin su Bande da Waca da Kwaya da Yekuwa da Sassumburum.

Dungas da Waca, tare da Mirya, suna cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki da suka yi zamani a ƙarƙashin Borno kafin Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19. Gidan sarautar Magariya kuwa reshe ne na sarakunan Hausa na Daura waɗanda jihadi ya fitar daga birnin a farkon ƙarnin, suka watsu zuwa Zango da Baure da Magariya. Faransawa sun kama Zinder, babban birnin Damagaram, a 1899, kuma tsakanin 1906 da 1908 aka kafa alamomin iyaka da yankin Ingila. Layin ya ratsa dangi da auratayya da kasuwanni, bai kuma hana zirga-zirga ba. Daga Magariya zuwa Zinder kimanin kilomita 90 ne, zuwa Kano bai kai 200 ba, alhali daga Zinder zuwa Yamai kusan 900 ne. Shi ya sa neman magani da zuwa dubiya suka daɗe suna fuskantar kudu, ta Babura da Maigatari da Daura, kamar yadda suke fuskantar arewa.

Sunan ciwo da masu magani na da

Sunan da Hausa ta ba ciwon yana ɗauke da tsohuwar fahimtarsa. Gaɓar da ta shanye ita ce wadda wani abu ya tsotse mata ƙarfi har ta bushe. Daga tushen nan aka samu shan inna, sunan ciwon da ke gurgunta yara, wanda aka jingina ga Inna, ɗaya daga cikin iskokin bori da ake kuma haɗawa da Doguwa. Idan babba ya faɗi ba tare da rauni ko zazzaɓi ba, zato yakan tafi ga iska da ya taka a bakin fadama ko gindin tsamiya, ko ga sammun abokin gaba ko kishiya. Akan ce kuma mutuwar ɓarin jiki, ana nufin abu ɗaya.

Masu magani iri-iri ne suke shiga gidan da abin ya faɗa. Wanzami yakan yi ƙaho da tsaga don fitar da mataccen jini. Boka ko magori yakan kawo sassaƙe da saiwa na sha da na wanka, da turaren hayaƙi. Tsofaffin gida sukan yi gashi da ruwan zafi da tsumma, su bi da tausa da man shanu ko man kaɗe, kuma wannan ne ya fi kusa da abin da asibiti ya zo da shi daga baya, har aka kira aikin motsa gaɓoɓi na likita da sunan gashi. Malami yakan yi tofi da rubutun sha. Malaman da suka yi zurfi a littattafan Larabci sun san ciwon da sunan falij, wanda Ibn Sina ya yi bayani a kansa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani a ƙarni na 19. Amma abin da ya fi taɓa rayuwar majinyaci yau da gobe shi ne fiƙihu. Ahalari, ɗan littafin da mai karatun fiƙihu yake farawa da shi, ya koyar da taimama da sallar zaune da ta kwance, don haka wanda rabin jikinsa ya mutu bai fita daga sahun masu ibada ba.

Bori ya bi wata hanya dabam. Idan an tsayar da cewa iska ce, akan yi girka: a keɓe marar lafiya kwanaki a hannun uwar girka, ana ba shi magunguna ana kiɗan garaya ko goge da ƙwarya, har a san wanda ya hau kansa. Wanda ya fito daga girka ya shiga ƙungiyar mutanen da kowannensu ta ƙofar ciwo ya shigo, masu taruwa lokaci-lokaci, masu agaza wa juna a biki da rashi. Jacqueline Monfouga-Nicolas, wadda ta yi nazarin bori a yankin Maraɗi ta buga littafinta a 1972, ta ɗauke shi a matsayin hanyar jinya, musamman ga mata. Girka ba ta buɗe jijiyar da ta toshe, amma ita kaɗai ce cikin tsofaffin hanyoyin ta haɗa majinyaci da waɗanda suka ɗanɗani irin abin da ya ɗanɗana. Wa'azin malamai, musamman bayan kafa Izala a Jos a 1978 da bazuwarta zuwa Nijar, ya tura bori gefe, ruƙiyya da shagunan zuma da habbatus sauda da man zaitun suka ɗauki kaso mai yawa na masu zuwa wurinsa.

Yadda ake dubiya

Dubiya tana da tushe a addini, domin hadisai sun lissafa ta cikin hakkokin Musulmi a kan ɗan'uwansa, tana kuma da ƙa'idoji da kowa ya tashi ya tarar. Idan magidanci ne ya kwanta, akan fito da shi zaure ko inuwar ƙofar gida a kan tabarma, maza su riƙa zuwa bayan sallar asuba ko la'asar, jama'ar masallaci su biyo a ƙungiya ranar Juma'a. Idan mace ce, mata ne suke shiga ɗaki, galibi da dare, maza na kusa su tsaya daga bakin ƙofa su yi sannu. Ba a zuwa hannu rabbana. Akan riƙo fura ko kunu ko goro ko sabulu, ko a tura ƴan kuɗi ƙarƙashin tabarma ba tare da an ambata ba. Ba a daɗewa, ba a kuma faɗin labarin wanda irin ciwon ya kashe.

Gaisuwar a tsare take. Mai zuwa ya ce sannu, ya tambayi jiki, a amsa masa da sauƙi, ya yi addu'ar Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Amsar ba ta canzawa ko ciwo ya yi tsanani, domin godiya ce ga Allah kafin ta zama rahoto. Sannan a juya ga mai jinya a gaishe ta da ɗawainiya. Mai jinya kusan kullum mace ce, mata ko ɗiya ko suruka, ita ce mai juya shi, mai wanke shi, mai ba shi abinci a baki, sai ɗagawa da kai shi bayan gida a kira ɗa namiji. Idan damina ta faɗi maigida yana kwance, akan yi masa gayya a nome gonarsa, ƴan adashin matarsa kuma su ba ta kwasa kafin lokacinta.

Wannan tsari yana tabbatar wa majinyaci cewa ba a manta da shi ba, yana rufa wa gida asiri ta wajen abinci, yana kuma ba ciwon ma'ana ta addini. Rauninsa biyu ne, kuma shanyewar jiki tana fito da su fili. Na farko, dubiya aikin makon farko ce. Bayan wata ɗaya ƙafa takan ɗauke, zaure ya koma shiru, alhali a lokacin ne mutum yake gane cewa hannun ba zai koma riƙe hauya ba. Na biyu, kunya da haƙuri ba su bar wa majinyaci ƙofar faɗin abin da ke cinsa ba. Magidancin da ya saba ciyarwa ya koma ana ciyar da shi, ko matar da take tsoron a yi mata kishiya ko a mayar da ita gidansu, ba za su faɗi haka a gaban masu gaisuwa ba. Sai a ga mutum ya daina cin abinci, ya juya fuska ga bango, ko yana kuka ba dalili, a ce tunani ya yi masa yawa. Wanda magana ta ɗauke masa ya fi kowa shiga uku, domin akan yi hira a kansa yana ji, wasu har su ɗauka hankalinsa ne ya taɓu.

Zuwan likita

Faransa ta kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905, ta buɗe makarantar likitoci a Dakar a 1918. Abin da ya dame ta shi ne annoba: agana da sanƙarau da kuturta da ciwon barci, don haka ayarin masu lamba ne talaka ya fi sani. A Hausar Nijar kalmar likita ta zama sunan gidan maganin kansa, mai dubawa ya zama lokotoro, shugaban ƙaramin asibiti kuma majo. Bayan samun mulkin kai a 1960 an horar da ƴan agaji da ungozomomi na ƙauye, shirin Bamako na 1987 ya kawo biyan kuɗin magani, daga 2001 gwamnatin Tandja Mamadou ta gina ɗakunan shan magani a karkara, a 2006 kuma aka ayyana maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta.

Sunan Magariya ya fita duniya ta dalilin yara. Bayan ƙarancin abinci na 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta zauna a asibitin garin, sashen yaransa ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma da ƙungiyar take riƙe da su, har a daminar 2018 aka kwantar da yara fiye da 700 a lokaci guda saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Ta buɗe wani sashen a Dungas don rage cunkoso. Dattijon da ya faɗi a ƙauye ba a gina wannan tsari dominsa ba. Hanyarsa takan fara da amalanke ko kabu-kabu zuwa wurin majo, daga nan asibitin Magariya ko Dungas, sannan babban asibitin ƙasa na Zinder, ko a tsallaka zuwa asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Hoton ƙwaƙwalwa ne kawai yake bambanta toshewa da fashewa, kuma allurar narkar da gudan jini sai cikin awa huɗu da rabi take aiki, lokacin da sau da yawa yake ƙarewa a kan hanya. Bayan sallama majinyaci yakan koma ƙauye da takardar magani, ma'aikatan gashi kuwa suna birni, likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasar, yawancinsu a Yamai.

Abin da likita ya canza sosai shi ne bayanin ciwon. Hawan jini, ko tansiyo kamar yadda ake ji a bakin mutanen Nijar, ya shiga maganar yau da kullum, aka fara danganta faɗuwa da gishiri da kanwa da ɓacin rai. Babban binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Gana har da na Kano da Zariya aka buga a 2018, ya ɗora kimanin kashi 90 cikin 100 na haɗarin a kan hawan jini, ya kuma lissafa ciwon suga da ƙarancin cin ganye da barbaɗa gishiri a kan abinci da damuwa. Sabon bayanin bai kori tsohon ba. A gida ɗaya ana shan ƙwayar lokotoro da safe, a sha rubutu da dare.

Dubiya daga nesa

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, amma mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin nisa. Fatauci da almajiranci da cin rani suna kwashe maza da zarar an kai amfanin gona rumbu. Bayan farin 1973 da na 1984 da faɗuwar kasuwar gyaɗa, tafiyar ta ƙara tsawo, zuwa Kano da Legas, daga baya Libiya da Aljeriya. Ɗan da ke nesa ba zai iya zuwa gaida mahaifinsa ba, don haka dubiya ta koyi tafiya a bakin wani. Da farko saƙon baka ne ta hannun ɗan gari mai komawa gida, tare da ƙullin kuɗi. Sai wasiƙar ajami da malami yake rubutawa wani malamin ya karanta. Da rediyo mai kaset ya wadatu, aka koma ɗaukar murya a ba direban mota, iyali su taru a tsakar gida su saurara, su ɗauki amsa a bayan kaset ɗin.

Rediyo ya koya wa mutane wani abu kuma, wato zama a rukuni a tattauna da wanda ba a gani. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo a Nijar. Mutanen ƙauye sukan taru a gaban akwati ɗaya, a saurari shiri a kan noma ko lafiya, jagora ya buɗe muhawara, a ɗauki ra'ayoyinsu a aika gidan rediyo a sake watsawa. Shirye-shiryen gaishe-gaishe irin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna sun ɗauki sannu da jiki daga gari zuwa gari, gidajen rediyon karkara da suka fara bazuwa daga 1999 suka kawo abin kusa da gida.

Salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000. Celtel ya fara aiki a 2001, ya koma Zain, sannan Airtel a 2010, Orange kuma ya zo a 2008 kafin ya koma Zamani. A garuruwan bakin iyaka mutane da yawa suna riƙe da layi biyu, na Nijar da na Najeriya. Ƴan kasuwar hatsi ne suka fara cin moriyarta, kamar yadda binciken Jenny Aker ya nuna, amma ba a jima ba ta zama kayan zumunci. Babban sauyin ya zo da saƙon murya na WhatsApp, wanda aka ƙara a 2013, domin ya cire shingen karatu da rubutu. Zaurukan dangi da na ƴan gari mazauna waje suka zama wurin sanar da ciwo, da yin addu'a, da haɗa gudummawar da ake turowa ta Nita ko Al Izza. Akan kara wa majinyaci waya a kunne ya ji muryar ɗansa daga Agadas ko Tripoli. Rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da annobar korona, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, duk sun tsare ƙafa sun ƙara wa waya nauyi.

Zaman rukuni na asibiti

A wajen likitoci, tara marasa lafiya su ƙarfafi juna ya faro ne daga Joseph Pratt, wanda ya riƙa haɗa masu tarin fuka a Boston ta Amurka a 1905. A Afirka, Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta a 1954, Henri Collomb kuma, daga 1959 a asibitin Fann na Dakar, ya mayar da taron dandalin ƙauye wani ɓangare na jinya, inda majinyata da masu jinya da ma'aikata suke zama wuri ɗaya.

Na masu shanyewar jiki ya samo asali daga wani abu mai kama da dubiya. A 1965 ciwon ya kama Patricia Neal, ƴar wasan fim ta Amurka, ya ɗauke mata magana. Mijinta, marubuci Roald Dahl, ya tsara wa maƙwabta da abokai a ƙauyensu na Ingila zuwa bi da bi, kowa da sa'arsa, su zauna da ita suna sa ta magana. Ɗaya daga cikinsu, Valerie Eaton Griffith, ta mayar da dabarar shirin ƴan sa-kai a shekarun 1970, wanda ya bazu a ƙarƙashin ƙungiyar da ta ɗauki sunan Stroke Association a 1992. Bambancinsa da dubiyar gargajiya shi ne jadawali: an raba zuwan a kan watanni maimakon a cika ɗaki a mako guda.

Zaman rukuni na yau yakan haɗa mutum shida zuwa goma, sau ɗaya a mako, na adadin makonni da aka yanke tun farko, a ƙarƙashin masanin halayyar ɗan Adam ko ma'aikacin jinya da aka horar. Sharaɗin farko shi ne abin da aka faɗa ya tsaya a wurin. Kowa yakan ba da labarin faɗuwarsa, a koyi gane alamomin damuwa, a ɗauki matsala guda a warware ta daki-daki, kowa ya ɗaura niyyar ɗan aikin da zai yi kafin zama na gaba, ko da fita ƙofar gida ne. Masu jinya sukan samu nasu zaman dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai zama biyar wanda ma'aikatan da ba likitoci ba za su iya jagoranta, domin ƙasashen da ƙwararru suka yi ƙaranci. Tun kafin korona ana gwada irin wannan zama ta tarho saboda wahalar tafiya ga shanyayye, amma kullen 2020 ne ya mayar da ƙungiyoyi da yawa a Turai da Amurka kan kiran bidiyo. A Afirka ta Yamma, gwajin PINGS a Kumasi ya bi majinyata 60 don ganin ko waya da na'urar awo da kulawar ma'aikacin jinya za su taimaka wajen riƙe hawan jini bayan faɗuwa.

Inda hanyoyin suka haɗu

Abubuwan da zaman rukuni daga nesa yake bukata suna da magabata a ƙasar Magariya da Dungas. Girka ta san haɗa masu ciwo ɗaya. Kulob ɗin rediyo ya san muhawara da jagora. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta fara a Maraɗi a 1991, sun saba wa mata da zaman mako-mako mai doka da asusu, fada kuma ta saba wa samari da hira a kan shayi. Saƙon murya ya riga ya shiga gidaje da yawa masu waya. Sabon abin da tsarin asibiti ya ƙara shi ne ɗorewa bayan ƙafa ta ɗauke, da wurin da majinyaci zai amsa tambayar jiki da abin da ya wuce da sauƙi ba tare da an ce ya kasa haƙuri ba.

Cikas ɗin ma sanannu ne. Layi yana rauni a ƙauyukan da ke nesa da kwalta, caji sai a shagon mai faranti mai aiki da hasken rana, kuɗin intanet kuma yana gasa da kuɗin magani. Mata sun fi maza rashin wayar kansu, kuma wayar aro da ake buɗe wa murya a tsakar gida ba ta riƙe sirri. Al'ada tana son a raba zaman maza da na mata, kuma dattijo ba ya sakin baki a gaban sa'ar ɗansa. Wanda harshensa ya yi nauyi yana bukatar mai zama kusa da shi ya riƙe waya ya fassara nufinsa. Juya majinyaci don kada gyambo ya fito masa a baya, da gashi, da awon jini, da ɗora shi a kan sanda ya koyi taku, duk ayyukan hannu ne da suka rage a wuyan mai jinya da majo da ƴan sa-kai na lafiya da ke ƙauyuka.

Jinyar shanyewar ɓarin jiki a yankin a yau ta ƙunshi dukan waɗannan matakai a lokaci guda. Maƙwabta suna zuwa da ƙafa a kwanakin farko, malami yana tofi, wanzami da mai sassaƙe ba su rasa masu kira ba, asibitocin Magariya da Dungas da Zinder da Kano suna ba da ƙwayar hawan jini da gashi ga wanda ya iya kaiwa, ƴaƴan da ke cin rani kuma suna aiko da murya da kuɗi ta salula.